Na'urar hangen taurari mai kwamfuta: ita ce ta dace da mai farawa?

Tambaya: "Malam, ni malamin kimiyya ne a wata sakandare a Kano. Na daɗe ina tara kuɗi domin in sayi na'urar hangen nesa ta kallon taurari, ni da 'ya'yana, wani lokaci kuma in kai wa ɗalibaina. Na ga akwai masu kwamfuta da ake kira GoTo, waɗanda ke juyawa da kansu su nemo tauraro. Ban taɓa riƙe irin wannan na'ura ba, ban kuma san sunayen taurari ba. Ita zan saya ko ta hannu? Kuma za ta taimaka wajen neman jinjirin wata?"

Malam, Allah ya saka da alheri da wannan niyya. Tunda ka ce a cikin birnin Kano kake, kuma akwai yara da ɗalibai da za su yi layi su leƙa, ni mai kwamfutar zan ce ka saya. Amma ba don dalilin da masu talla suke faɗa ba, kuma akwai sharuɗɗa. In da ka ce mini a ƙauye kake, inda dare yake da duhu sosai, kuma kai kaɗai za ka riƙa kallo, da amsata ta canza.

Abin da nake so ka riƙe tun farko shi ne, kwamfutar ba ta ƙara wa idonka komai. Na'urar hangen nesa kashi biyu ce. Akwai bututun da ke ɗauke da madubi ko gilashi, shi ne mai tattara haske, shi ne mai gani. Akwai kuma mazaunin da bututun yake kai. GoTo suna ne na mazaunin kawai: ƙananan injuna biyu, ɗaya na juya bututun dama da hagu, ɗaya na ɗaga shi sama da ƙasa, sai rimot mai ɗauke da jerin wuraren da abubuwa suke a sama. Aikinsa biyu ne, ya nemo abu, sannan ya bi shi. Yadda abin zai fito a idonka kuwa, faɗin bakin bututun ne ke yanke wannan hukunci, ba wani abu ba.

Nan ne kuɗinka zai rabu biyu. Kuɗin da zai saya maka mai kwamfuta mai faɗin milimita 130, kusan shi ne zai saya maka ta hannu mai milimita 200, irin wadda ake kira Dobson, da sunan John Dobson, mutumin San Francisco da ya yaɗa wannan ƙira mai sauƙi ta akwatin katako. Bambancin ba ƙarami ba ne, domin hasken da madubi ke tarawa yana tafiya ne da girman fuskarsa gaba ɗaya. Mai 200 tana tara haske ninki biyu da ɗoriya a kan mai 130. A wuri mai duhu, tarin taurarin da zai fito maka kamar ɗigon hayaƙi a ƙaramar, a babbar sai ka gan shi ya warwatse kamar an zubar da gero. Shi ya sa tsofaffin masu wannan sha'awa da yawa suke cewa mai farawa ya sayi Dobson ya huta. Ba su yi ƙarya ba. Sai dai yawancinsu sun koyi sama ne a inda ake ganin taurari.

Mai na'urar hannu yana nemo abu ne ta hanyar bin taurari ɗaya bayan ɗaya, daga babba da ya sani zuwa ƙarami, har ya isa. A tsakiyar Kano, da fitilun titi da na shaguna da ƙurar da ke rataye a sama, ƙananan taurarin da zai taka ɗin ba sa fitowa. Za ka duba taswira ka ga taurari goma a wuri, ka ɗaga kai ka ga biyu. Na ga mutane da dama sun sayi na'ura mai kyau, sun ga wata, sun ga Mushtari (Jupiter), daga nan suka yi mako uku suna neman wani abu na uku ba su samu ba, na'urar ta koma bayan ƙofa. Wannan shi ne abin da nake tsoron ya same ka.

Dalili na biyu ya fi na farko ƙarfi a wajena, kuma ba a cika ambatarsa ba. Duniya tana juyawa digiri 15 a kowace awa. Da ido ba ka lura, amma idan ka ƙara girman abu sau 150, za ka ga Zuhal (Saturn) yana tafiya a gabanka, daga wannan gefe zuwa wancan cikin abin da bai kai minti ɗaya da rabi ba. Idan kai kaɗai ne, ɗan tura bututun kawai za ka yi, hannu yana sabawa. Amma ka ɗauka ɗalibai talatin sun yi layi. Na farko ya gani, na biyu ya gani a gefe, na uku ya ce "Malam, ba komai a ciki." Sai ka sunkuya ka sake nemowa, kafin ka ɗago wani ya riƙe bututun da hannu ya ture shi. Mai kwamfuta tana bin abin da kanta, ya zauna a tsakiya rabin awa ko fiye, kai kuma kana tsaye kana bayani. Ga malami, wannan kaɗai ya isa dalili.

To amma ka ce ba ka san sunayen taurari ba, kuma a nan ne talla take yaudarar mutane. Na'urar ba ta san inda take ba sai ka gaya mata. Duk daren da ka fito da ita sai ka yi mata saiti: ka ba ta wurin da kake, da kwanan wata, da lokaci, sannan ka nuna mata taurari biyu ko uku masu haske, ka kawo kowanne tsakiya ka danna. Daga nan take lissafa sauran sama. Kamfanin Celestron yana da tsarin da ya kira SkyAlign, inda za ka nuna kowaɗanne abubuwa uku masu haske ko ba ka san sunansu ba, ita ta gane su. Yana aiki, amma saitin taurari biyu da ka san sunansu ya fi sauri, ya kuma fi rashin gardama. Don haka kafin kayan su iso, sauke manhajar Stellarium a wayarka, kyauta ce, ka koyi taurari kamar goma. Ba za su yi maka baƙunta sosai ba, domin yawancin sunayen daga Larabci aka ɗauko su. Sirius, wanda ya fi kowane tauraro haske da dare, shi ne Shi'ira da aka ambata a Suratun Najmi. Canopus shi ne Suhailu. Rigel daga "rijlu" ne, wato ƙafa. Altair daga "aɗ-ɗa'ir", tsuntsu mai tashi. Deneb daga "zanab", wutsiya. Da hunturu, bayan isha'i, za ka sami Sirius da Capella da Rigel da Aldebaran. A Afrilu da Mayu akwai Arcturus da Spica da Regulus. A Oktoba da Nuwamba akwai Vega da Altair da Fomalhaut. Da waɗannan ka gama shekara.

Bari in tsaya a kan saitin nan, domin kusan duk wanda ya kira ni yana cewa na'urarsa ta lalace, a nan matsalar take. Rimot ɗin yana karɓar kwanan wata ne irin na Amurka, wata kafin rana. Wani abokina ya shigar da 5 ga Nuwamba yadda muka saba rubutawa, 05/11, na'urar ta ɗauka 11 ga Mayu ne, ta yi ta neman taurarin da ke ƙarƙashin ƙasa a wannan dare. Ya kwana da baƙin ciki yana zaton an sayar masa da matacciya, alhali lafiyarta lau. Ka kuma lura da wurin da kake: Kano tana kusan digiri 12 Arewa, digiri 8 da rabi Gabas. Idan ka bar shi a Yamma, ka jefa kanka cikin kuskuren digiri 17. Lokacinmu a Najeriya da Nijar awa ɗaya ne gaba da na Girinwic, wato +1, kuma idan ta tambaye ka ko ana sauya agogon bazara irin na Turai, ka ce a'a. Agogon ma ya zama daidai, domin kuskuren minti huɗu daidai yake da digiri ɗaya a sama, faɗin wata biyu ke nan. Na'urorin da ake sarrafawa da waya sun rage wannan wahala, tunda wayar ce ke ba su wuri da lokaci.

Sauran ƙa'idojin saiti 'yan kaɗan ne. Ƙafafun su tsaya daidai ba karkace ba. Taurarin da ka zaɓa su yi nesa da juna, kada kuma ka ɗauki wanda yake tsakar ka ko wanda ya kusa faɗuwa. Idan za ka kawo tauraro tsakiya, ka ƙarasa da maɓallin sama da na dama, domin akwai ɗan sako-sako tsakanin haƙoran injin, kuma ta wannan ɓangaren na'urar take ƙarasa tafiyarta. Sannan akwai ɗan manunin da ke kan bututun, mai jan ɗigo. Wannan da rana ake daidaita shi: ka nufi kan hasumiyar wani masallaci mai nisa ko ƙarfen sabis, ka kawo shi tsakiyar babban bututun, sannan ka murɗa manunin har jan ɗigon ya hau wurin. Wanda ya tsallake wannan, ko wata ma zai sha wuya kafin ya kamo shi.

Wuta kuma fa. Yawancin irin waɗannan na'urori suna da gurbin ƙananan batura takwas, irin na tocila. Kada ka dogara da su. Ba sa daɗewa, kuma idan sun fara sanyi na'urar ba ta mutuwa kai tsaye, sai ta fara shirme, ta wuce inda aka aike ta, ko rimot ya ɗauke ya dawo, saitin da ka yi ya tafi. Abin da take so shi ne wuta mai ƙarfin volt 12 wadda ba ta rawa. Ƙaramin batirin nan na sola ko na UPS ya wadatar, ko fawa banki mai iya fitar da volt 12 da wayar da ta dace. Ka duba takardar na'urar kafin ka haɗa, domin juya kan waya na iya ƙona allon da ke ciki, kuma kayan gyaransa sai an yi oda daga waje. Don wannan dalili nake fifita mazaunin da ake iya kwance shi a tura da hannu idan wuta ta ƙare. Wasu, in babu wuta, ba sa juyawa dama da hagu ko kaɗan, dare ya tashi a banza ke nan.

Yanzu ga nau'in mazauni. Za ka ga iri biyu a kasuwa. Akwai mai sauƙi, dama da hagu, sama da ƙasa. Akwai kuma mai karkatacciyar ƙafa da ƙarfen nauyi a gefe, wanda ake rubuta wa EQ, wanda sai an saita shi ya fuskanci tauraron arewa. Ka bar na biyun. Tsayin tauraron arewa a sama daidai yake da nisan garinku a digiri daga layin da ya raba duniya biyu, arewa da kudu, don haka a Kano digiri 12 kawai yake ɗagowa, a Zariya 11, a Damagaram kusan 14. Katangar maƙwabci ta isa ta rufe shi, balle hazo. Kuma da yawa daga irin wannan mazauni an ƙera su ne da mutanen Turai da Amurka a rai, idan ka kwantar da su ƙasa haka ƙarfen nauyin yakan bugi ƙafar. Amfaninsu na masu ɗaukar hoto mai dogon lokaci ne, ba kai ba a yanzu.

Wurin da muke ɗin nan kuwa ni'ima ce da ba mu san darajarta ba. Wata da Mushtari da Zuhal suna bi ta kusa da tsakar kanmu, inda iska ta fi sirantaka, hoto ya fi tsayawa. Kuma muna ganin sararin kudu da mutumin Ingila ba zai taɓa gani daga gidansa ba. Omega Centauri, curin taurari miliyoyi a dunƙule wuri guda, yana ɗagowa kimanin digiri 30 a kudancin Kano a daren Afrilu da Mayu. A rimot za ka same shi da lamba NGC 5139. A Landan ba ya fitowa sam. Abu ɗaya da za ka kiyaye, mazauni mai dama da hagu yana ɗan rikicewa idan abu ya zo daidai tsakar ka, wani dogon bututun ma yakan bugi gindinsa. Idan Mushtari ya hau can, ka ba shi rabin awa ya gangaro.

Sai zaɓin na'urar kanta. Ba zan jera maka ashirin ba, ga waɗanda na san halinsu.

Ga wanda wata da duniyoyi ne abincinsa, kuma a birni abin da za ka fi kallo ke nan, bututun Maksutov mai milimita 127 yana da wuyar kayarwa. Celestron na sayar da shi da sunan NexStar 127SLT, Sky-Watcher kuma na ɗora nasa a kan mazaunin AZ-GTi. Gajere ne, ana ɗaukarsa da hannu ɗaya, bakinsa a rufe yake da gilashi don haka ƙura ba ta sauka a kan madubin ciki, kuma ba ya yawan buƙatar a daidaita madubansa. Tsawon tafiyar haske a cikinsa milimita 1500 ne. Lissafin girma kuwa mai sauƙi ne, za ka iya ba ɗalibai: ka raba wannan tsawo da lambar da ke jikin maleƙi, wato ɗan gilashin da ake kanga ido a kai. Maleƙi mai 25 zai ba ka sau 60, mai 10 ya ba ka sau 150. Aibinsa shi ne ƙuncin fili. Kaza da 'ya'yanta, wato Suraiya, ba za ta shiga cikinsa gaba ɗaya ba. Tsakanin mazaunan biyu na fi son AZ-GTi, saboda da waya ake sarrafa shi ta manhajar SynScan, yana ɗaukar nauyin kilo 5, kuma ko yaro ya ture bututun, ko kai ka kwance ka tura da hannu, yana iya riƙe lissafin inda yake.

Idan kana son fili mai faɗi da ƙarin haske, akwai Virtuoso GTi 150P na Sky-Watcher, madubi mai milimita 150 a kan ɗan gindi mai kwamfuta da ake ɗorawa a tebur. A ganina cikin masu GoTo shi ne ya fi ba da madubi mai yawa a kuɗi kaɗan. Sai dai buɗaɗɗe ne, ƙura da hasken maƙwabta suna shiga, sai ka ɗinka masa riga da baƙin yadi, ka samo masa tebur ko turmi mai ƙarfi da ba ya girgiza, ka kuma koyi daidaita madubansa, aikin minti biyar ne idan hannu ya saba. In kuɗin sun kai, NexStar 6SE mai milimita 150 rufaffe ne, kuma na'ura ce da mutum zai yi shekaru bai gaji da ita ba.

Akwai hanya ta tsakiya da Celestron ya fito da ita a 2020, StarSense Explorer. Babu inji a jikinta. Wayarka kake ɗorawa a wani gurbi mai ɗan madubi, kyamarar wayar ta ɗauki hoton sama, manhajar ta gane taurarin, sai ta nuna maka kibiya kana turawa da hannu har ka isa. Ba batir, ba shigar da kwanan wata, ba buƙatar intanet a fili, kuma akwai ta har a kan Dobson mai milimita 200. Ga mai kallo shi kaɗai, wannan ce zan fara ambata. Amma ba ta bin abu, don haka matsalar layin ɗalibai tana nan. Kuma ba kowace waya take karɓa ba, wayoyi masu araha da yawa ba su da na'urar da ke gane juyawar waya, wadda manhajar ke buƙata. Ka sauke manhajar ka gwada a wayarka kafin ka biya. In wadda aka taɓa amfani da ita ce za ka saya, ka tabbatar mai ita ya ba ka lambar buɗe manhajar.

Za ka kuma ji labarin Seestar S50 na kamfanin ZWO, wanda ya fito a 2023. Wannan ba a leƙa shi da ido, kyamara ce mai baki milimita 50 da ke saita kanta, ta tara hotuna na daƙiƙa goma goma ta haɗa su, sai gajimaren taurari ya fito a waya da launinsa, ko a cikin gari. Abin mamaki ne, kuma aji guda na iya kallo a lokaci ɗaya. Amma Zuhal a cikinsa ɗan ƙanƙane ne, kuma ni na ga bambanci tsakanin yaron da aka nuna wa hoto a waya da yaron da ya sa idonsa ya ga zoben da kansa. Na biyun ne yake komawa gida yana ba da labari.

Abin da za ka guje wa: duk na'urar da aka rubuta "sau 500" ko "sau 675" a kwalinta da manyan haruffa. Iyakar girman da ke da amfani kusan ninki biyu ne na faɗin baki a milimita, wato sau 250 ga mai 127, kuma a yawancin darare iska ba za ta bar ka ka wuce 150 zuwa 200 ba. Ka kuma guji gajeren bututu mai milimita 114 da aka rubuta wa tsawon 1000. Bututun bai kai wannan tsawon ba, wani gilashi aka cusa a ciki don a cike giɓin, hotonsa ba ya fita tas, daidaita shi kuma azaba ne. Araha ba ta ado. Game da waɗanda aka taɓa amfani da su, ka sani kamfanin Meade, wanda LX200 ɗinsa na 1992 ya yaɗa GoTo a tsakanin masu sha'awa, da Orion, duk sun rufe a 2024. Madubansu na nan da kyau, amma in rimot ko allon ciki ya mutu, samun wani sai an sha nema.

Kada lambar da ke kwali ta ruɗe ka, wai tana ɗauke da abubuwa 40,000. Za ta juya ta nuna wurin, gaskiya ne, amma mafi yawansu ba za ka ga komai ba, domin sun fi ƙarfin madubin da kuma samaniyar birni. Abin da za ka gani da gaske ya isa ya riƙe ka shekaru. Wata shi ne sarki: ramuka irin su Copernicus mai faɗin kilomita 93, da duwatsu da inuwarsu. Kada ka jira daren sha huɗu, lokacin hasken ya yi yawa, komai ya baje. Daren bakwai ko takwas ya fi, ka bi layin da ya raba haske da duhu. Mushtari zai nuna maka ɗamara biyu a jikinsa da watanninsa huɗu da Galileo ya gani a Janairun 1610, kullum suna sauya wuri, ɗalibai na iya zana su dare bayan dare su gano da kansu cewa zagaya shi suke yi. Zoben Zuhal ya juyo mana da kaifinsa a Maris 2025, yana kuma sake buɗewa a hankali har wajen 2032. Zara takan zama kamar ƙaramin jinjirin wata. Albireo taurari biyu ne, ɗaya ruwan zinariya ɗaya shuɗi. Gajimaren Orion, M42, yana fitowa ko a gari. Andromeda kuwa, wadda haskenta ya yi tafiyar shekara miliyan biyu da rabi, ɗan farin dusu-dusu za ka gani, ba irin hoton intanet ba. Ka gaya wa yara wannan tun kafin su leƙa, ka kuma gaya musu abin da suke kallo, sai dusu-dusun ya yi musu girma.

Kan jinjirin wata, e, tana taimakawa ƙwarai, domin wahalar jinjiri ita ce sanin daidai inda za a duba a cikin jan sararin magariba. Matsalar ita ce a lokacin taurarin saiti ba su fito ba. Hanyar da ta fi ita ce ka yi saitin tun daren jiya ko da asuba, ka sa na'urar barci ta hanyar da rimot ya tanada, ana rubuta Hibernate a Celestron, Park a Sky-Watcher, ka rufe ta ba tare da ka motsa ƙafafun ba. Da magariba ka tashe ta, ka ba ta lokaci daidai, ka ce ta je wata. Ka bar maleƙin a yadda ka daidaita shi a kan tauraro da dare, domin in hoton bai tsaya ba, siririn jinjiri zai narke a cikin haske ko yana gabanka. Yi amfani da mafi ƙarancin girma, ka sami wurin da yamma take a buɗe. Akwai kuma iyaka: idan tazarar wata da rana ba ta kai kusan digiri 7 ba, ba a ganinsa ko da na'ura. Abin da ka gani shaida ce da za ka kai wa hukuma, sanarwa kuwa ta kwamitin ganin wata ce da Mai Alfarma Sarkin Musulmi.

A nan dole in ja kunne da babbar murya. Kada a kunna neman wata sai rana ta faɗi gaba ɗaya. Na'urar ba ta da ido, tana iya ratsawa ta kan rana a hanyarta, kuma daƙiƙa ɗaya ta isa ta makantar da mai leƙe har abada. Kada ka bar ta a tsakar gida da rana a buɗe inda yara suke. Kallon rana sai da matacin da aka yi don haka, mai rufe bakin bututun gaba ɗaya. Akwai husufin rana ranar 2 ga Agusta 2027, wanda zai cika a Masar da Makka, mu kuma mu ga wani ɓangare. In kana son nuna wa ɗalibai, ka haɗa matacin a cikin odarka tun yanzu.

Yanayinmu ma yana da nasa hukunci. Hunturu ba gajimare amma akwai hazo, wata da duniyoyi suna ratsa shi, ƙananan abubuwa kuwa sai haƙuri. Mafi kyawun sama ita ce ta daren da ruwa ya ɗauke ya wanke ƙura, da kuma ta kaka, daga Oktoba zuwa farkon Nuwamba. Ƙura in ta hau gilashi kada ka goge da gefen riga ko tsumma, yashi ne, zai karce shi. Ka hure da 'yar robar hura iska, ka bar sauran, 'yar ƙura ba ta rage gani. Da damina kada ka rufe na'ura da raɓa a jikinta, ka bar ta ta bushe, ka jefa 'yan ƙunshin nan masu tsotse laima a jakarta saboda fumfuna. Ka fito da ita rabin awa kafin kallo ta saba da iskar waje, ka kuma guji rufin kankare da ya sha rana, zafin da yake fitarwa yana sa hoto rawa kamar kana kallo ta saman murhu. Filin ƙwallon makaranta ya fi. Kuma duk inda za ka kafa ta da dare, ka fara sanar da mai unguwa ko 'yan sintiri, domin bututu a kan ƙafafu uku cikin duhu yana iya tayar da hankalin wanda bai san shi ba. In ka kira su suka leƙa wata sau ɗaya, su za su riƙa tambayarka yaushe za a sake.

Da ni ne a matsayinka, Maksutov mai 127 a kan AZ-GTi zan yi oda, da batirin volt 12, da maleƙi mai 32 don ƙarin fili, da matacin rana. Ranar da ta iso zan haɗa ta da rana a cikin ɗaki in koyi maɓallanta, in daidaita jan ɗigon a kan hasumiya kafin magariba, in kuma yi dare uku ni da 'ya'yana kawai kafin in kai ta makaranta. Ranar ɗalibai kuma in zaɓi daren bakwai ga wata, in fara musu da watan, sannan Mushtari ko Zuhal, duk wanda yake sama.